In mawaƙi ya daina son waƙarsa, dole ne ya ci gaba da rera ta?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kaduna, yana da akwati guda cike da faya-fayan garmaho. A ciki akwai na Miriam Makeba, 'yar Afirka ta Kudu. Ya gan ta da idonsa a Legas lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, har ya koma ga Allah yana ba da labarin. Mu yara ba abin da muka sani nata sai "Pata Pata". Da ya ɗora faifan, tsakar gidanmu sai ta cika da 'ya'yan maƙwabta.

Jiya ina karanta tarihinta sai na tarar ita kanta ba ta ɗauki waƙar nan a bakin komai ba. Ta lissafa ta cikin waƙoƙinta marasa nauyi. Sunan wata rawa ce da ake yi a Johannesburg, ma'anarta taɓa-taɓa da harshen Xhosa, shi ke nan. Amma ita ce ta kai lamba 12 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka a 1967, ita ce duniya ta riƙe.

Ku dubi wace ce matar nan fa. A 1960 mahaifiyarta ta rasu, ta nemi komawa gida jana'iza, sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke fasfonta. A 1963 ta tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi abin da ake wa baƙar fata a ƙasarsu, aka haramta faya-fayanta a can. Ba ta sake taka ƙasar ba sai 1990, bayan an sako Mandela. Tana da waƙoƙin kuka a kan abin da ya ci mutanenta, irin "Soweto Blues" da Hugh Masekela ya rubuta kan yaran makarantar da aka harbe a 1976. Duk da haka, ko ina ta je abin da ake mata ihu a kai shi ne waƙar rawa. Kuma a watan Nuwamban 2008, a Castel Volturno ta ƙasar Italiya, tana da shekara 76, ta gama rera "Pata Pata" ke nan ta yanke jiki ta faɗi, zuciya ta buga. Wallahi sai da na yi hawaye.

Tambayata ita ce, in mawaƙi ya kai inda ba ya son waƙarsa, masu sauraro suna da haƙƙin tilasta masa ita?

Lawwali:
Wa alaikumus salam Hajiya. Suna da haƙƙi mana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waƙar da ta fito da kai, ta gina maka gida, ta sa aka san sunanka, rana ɗaya ka ce ba ka son ta? Ni a wurina butulci ne. Mutum ya cire kuɗinsa ya sayi tikiti don wannan waƙar, ba don wadda kai kake so ba.

Zainab Ɗaliba:
Anti, ƙaramin gyara. Makeba raina waƙar ta yi, ba ta ce ta tsane ta ba. Ta ma sake ɗaukar ta a kundinta na "Homeland" a shekarar 2000. Abin da ke damun ta shi ne ƙaramar waƙa ta danne manyan. Wanda ya kai ga tsana sosai shi ne Frank Sinatra da "Strangers in the Night" ta 1966, har a kan dandamali yana kushe ta, alhali ta kai lamba ɗaya. Sai Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana. A hirar da mujallar Rolling Stone ta buga a farkon 1994 ya nuna akwai daren da da ƙyar yake kai ƙarshen "Smells Like Teen Spirit", ji yake kamar ya yar da jita ya fice.

Yaya Lawwali, ka ƙiyasta mutum ya rera abu ɗaya kusan kowane dare, wata da watanni, shekara da shekaru, kuma in ya sauya ko kalma ɗaya a ji haushi. Ko tuwon da ka fi so aka ba ka safe da rana da dare har shekara uku, sai ya fita ranka.

Lawwali:
Ƙanwata, direban tasha yana bin hanya ɗaya shekara talatin. Mai shayi yana kaɗa shayi iri ɗaya tun yana saurayi har furfura. Ba wanda ya taɓa zuwa gidan jarida ya ce ya gaji. Me ya sa sai mawaƙi ne gajiyarsa za ta zama labari?

Baba Garba:
Lawwali ka taɓo sana'ata, dole in sa baki. Na yi shekara talatin da huɗu ina jan mota tsakanin Gusau, Kwantagora da Legas. Hanya ɗaya ce, gaskiya ne, amma ba wanda ya ce sai na yi dariya a daidai ramin da na yi dariya jiya. Mawaƙi ana so ya ji abin da ya ji ranar farko, kuma a ga alamar hakan a fuskarsa. Wannan shi ne wahalar.

Amma ni abin da nake so ku lura da shi daban ne. Mu da muka ga makaɗan da a fili, ba mu san wannan ciwon sosai ba, don waƙa a lokacin ba a daskare take ba. Na tsaya a gaban Shata sau uku, Allah ya jiƙansa. Bakandamiyar da na ji a karo na farko ba ita na ji a na uku ba. Amshi yana nan, kalangu yana nan, amma ɗiyan waƙa sai ya ƙara wannan ya zubar da wancan, ya ga wani a cikin taro ya saka shi nan take. Haka makaɗan fada, Narambaɗa a gaban Sarkin Gobir na Isa, ko Ɗanƙwairo. In ka yi wa wani zambo bana, baɗi kuka shirya, sai ka cire ɗan waƙar, magana ta mutu. Wa zai kama ka? Ba a rubuce take ba.

Faifai da kaset su suka kawo wannan. Tun da aka fara ɗaukar murya, waƙa ta zama kamar hoto. Kai ka tsufa, hankalinka ya sauya, ita tana nan da shekarunta na ranar da aka ɗauke ta, kuma mutane ita suka haddace, ba kai ba.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan bai taɓa zo min a rai ba. Wato ita Makeba da ake wa ihu a 2008, muryarta ta 1967 ake nema.

Zainab Ɗaliba:
Haka ne Baba, kuma a ƙasashen Turawa akwai ƙarin ƙulli. Yawanci kamfanin da ya ɗauki waƙar shi ke da mallakar ainihin faifan, don haka ko mawaƙi ya ce a daina sayarwa, maganarsa ba ta isa ba. Iyakar ikonsa shi ne bakinsa, ya ƙi rerawa a taro. 'Yan ƙungiyar Radiohead ta Ingila sun yi shekaru suna ƙin rera "Creep" ta 1992. Robert Plant na Led Zeppelin ya rera "Stairway to Heaven" a Landan a 2007, bai sake ba sai 2023, a wani taron tara kuɗi don masu ciwon daji.

Kuma ba kullum mawaƙin ne ke da gaskiya ba, in za a yi adalci. Tina Turner da aka fara kawo mata "What's Love Got to Do with It" ba ta so ta ba sam, manajanta ne ya lallashe ta. Ita ce ta kai ta lamba ɗaya a Amurka a 1984 tana da shekara 44, bayan mutane sun ɗauka tata ta ƙare.

Lawwali:
To kin gani. Da an bi son ranta da ta yi asara. Mawaƙi ba shi ne alƙalin waƙarsa ba.

Malam Nuhu:
Assalamu alaikum. Kuna haɗa abubuwa biyu a tukunya ɗaya. Akwai wanda ya gaji da waƙa, akwai wanda yake jin kunyar ta. Na farko tsakaninsa da masu sauraronsa ne, su sasanta. Na biyu tsakaninsa da Ubangijinsa ne da kuma wanda ya cuta, kuma a nan mai tikiti ba shi da ta cewa.

Yusuf Islam, wanda yaranmu na Islamiyya suka sani da "A is for Allah", da can Cat Stevens ne, babban mawaƙi a Ingila. Ya musulunta a ƙarshen 1977, ya yi gwanjon kayan kiɗansa, ya koma gina makarantar Musulunci a Landan. Sai a 2006 ya sake fitar da kundi irin na da, bayan ya daɗe yana nazarin abin da ya halatta gare shi. Junaid Jamshed na Pakistan, mai "Dil Dil Pakistan" ta 1987, shi ma ya ajiye ya shiga Tabligh, har ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar 2016. Za ka ce wa irin waɗannan butulai, Lawwali?

Lawwali:
Allah ya gafarta Malam, tuba daban. Ban isa in hana kowa tuba ba. Amma kuɗin tsofaffin waƙoƙin ai ba su daina shigowa ba. Ni nan ne nake samun matsala.

Baba Garba:
Malam ya tuna min da Gambo mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada a ƙasar Kabi. Duk direban zamaninmu ya san muryarsa. Hikima kam Allah ya ba shi, ba mai musu. Daga baya ya tuba ya bar waƙar ɓarayi, ya rasu a 2016, Allah ya gafarta masa. Amma je ka tasha yau, za ka ji yaron da bai kai ashirin ba yana jin ta a waya. Shi ya tuba, kaset bai tuba ba.

Hadiza Maraɗi:
Ni ta siyasa ce ta fi ba ni tausayi. Mu nan Nijar ma mun sha jin "Masu Gudu Su Gudu" da Rarara ya yi wa Buhari lokacin zaɓenku na 2015, har a motocin haya. Sai ga Rarara a 2023 ya fito gaban 'yan jarida a Kano yana caccakar mulkin marigayi Buhari. Ko yaya yake ji yanzu in ya ji an sa waɗancan waƙoƙin?

Lawwali:
Wannan ai mutumin ya juya wa baya, ba waƙar ba. Mawaƙin siyasa ya san tun farko cewa kayan da yake sayarwa na kaka ɗaya ne.

Sadiku Mai Fiyano:
Tun safe nake karantawa ina rubutu ina gogewa. Bari dai in faɗa, tunda yawancinku kun san sana'ata. Ba zan faɗi sunan waƙar ba, ba zan faɗi gari ba, kuma don Allah wanda ya gane kada ya rubuta a nan.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ina yaron sitidiyo, ina buga wa mutane fiyano, ban taɓa fitar da tawa ba. Wata mata ta zo, ƙanwarta za ta shiga gidan mai mata, tana son waƙar da za a sa ranar kamu. Ta ajiye naira dubu goma sha biyar, a lokacin ban taɓa riƙe irin su nawa na kaina ba. Ta ce a yi wa uwargida habaici. Ta zayyana min ita: tana ɗingisa ƙafa ɗaya, kuma 'ya'yanta duk mata ne. Na zauna dare ɗaya na haɗa. Ban ambaci suna ba, amma ɗingishin nan shi na sa a cikin amshi, don shi ya fi hawa kiɗan.

Na ɗauka za a sa a biki ɗaya a manta. Kafin wata biyu masu turi sun baza ta, kowace memori tana ciki. Aka fara kira na biki, daga wannan gari zuwa wancan, ana min liƙi. Da ita na sayi mashin, da ita na yi aure. Gaskiya Lawwali ya faɗa, na ci ladan.

Bayan shekara uku ina wani wuni, na sauko ina naɗe waya, wata yarinya da ba ta wuce sha huɗu ba ta tsaya a gabana. Ta ce, kai ne ka yi wa babarmu waƙa? Ban gane ba. Ta ce yara suna bin su da ita a hanyar Islamiyya, suna kwaikwayon tafiyar babarsu, har ƙanwarta ta daina zuwa. Ta ce babarsu ta daina fita biki da suna gaba ɗaya, don ko ina ta shiga sai an sa. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, ta faɗa ta juya.

Tun ranar in na ji farkon kiɗan nan cikina juyawa yake. Kuma har yau in na je biki sai an ce sai na yi ta. Sau da yawa na yi. Ina da yara huɗu.

Maman Hanifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sadiku, ban san tambayata za ta taɓo wannan ba. Ni kaina uwargida ce, 'ya'yana mata uku. Na karanta sau biyu, hannuna yana rawa.

Lawwali:
Sadiku, abin da na faɗa a sama ban faɗe shi don irin wannan ba. A kan Sinatra da su Radiohead ina nan a kan bakana, wanda ya gaji ya daure. Amma taka akwai mutum a ƙarƙashinta. Sai dai zan faɗa maka gaskiya a matsayin ɗan'uwa: shekara takwas ke nan da yarinyar ta same ka, kuma ka ce kana yi har yanzu. Ƙin waƙa a zuci kana rera ta da baki bai rage wa matar nan komai ba.

Sadiku Mai Fiyano:
Ban musa ba Yaya.

Baba Garba:
Ɗana, ga shawarar tsoho. Ka yi irin ta mutanen da. Riƙe kiɗanka, zubar da ɗiyan, sa wasu. Ka mai da ita waƙar yabon amarya kawai. In ka yi ta haka a biki goma, sabuwar za ta fara danne tsohuwar.

Zainab Ɗaliba:
An taɓa yin haka da "Pata Pata" ɗin ma. A 2020, lokacin korona, Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta sake rera ta tare da UNICEF, aka juya maganar ta koma kira ga mutane su bar taɓa juna, su wanke hannu. Kiɗa ɗaya, saƙo daban. Rolling Stones kuma cire "Brown Sugar" suka yi daga wasanninsu a 2021, waƙar 1971 da ta yi wasa da zancen bauta da matan baƙar fata, alhali tana cikin waɗanda suka fi rerawa a tarihinsu. Mawaƙinsu Mick Jagger tun 1995 ya ce da a lokacin ne ba zai rubuta ta haka ba.

Sadiku Mai Fiyano:
Baba na gwada, wallahi na gwada, sau biyu. Matsalar ita ce cutar tana cikin amshi. Ni ina rera sabon, mata a fili suna amsawa da tsohon, har da rangaji irin na ɗingishin. Muryata ɗaya, tasu ɗari biyu. A karo na biyu ma uwar biki ta aiko a ce min in daina ɓata musu waƙa.

Baba Garba:
Subhanallah. To ka ga abin da nake faɗi. Ta fita hannunka.

Malam Nuhu:
Sadiku, Allah ya karɓi nadamarka, ita ce farkon tuba. Amma ka sani haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai ka nemi mai shi. Allah ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi a Suratul Hujurat, kuma ka san abin da mutanen Jahiliyya suke yi in an yi musu albishir da 'ya mace, Alƙur'ani ya zarge su a kai. Abu na farko, ka daina rera ta daga yau, ko me za a ba ka. Arziƙin yaranka ba a cikinta yake ba. Na biyu, ka nemi matar.

Kuma akwai abin koyi a Ka'abu bn Zuhair. Ya yi waƙar suka ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, daga baya ya zo Madina yana mai tuba, ya rera "Banat Su'ad" a gabansa, aka yafe masa har aka lulluɓa masa mayafi. Harshen da ya yi ɓarna shi ya yi gyara. Me zai hana ka yi waƙar da za ta girmama uwargida da uwar 'ya'ya mata, ka faɗi a cikinta cewa ka yi kuskure?

Anti Laure:
Malam, a gafarce ni, a kan na farko da na biyu ina bayanka, amma na ukun ban yarda ba. Na yi shekara goma sha biyu ina amshi a kiɗan ƙwarya kafin in bari, na san yadda waƙar habaici take tafiya a cikin mata. Ranar da Sadiku ya fitar da waƙar ban haƙuri, ranar za a tono tsohuwar. Wanda bai san labarin ba zai tambaya, wace ce? A nuna ta. Yaran da suka manta su tuna. 'Ya'yan nan mata yanzu sun isa aure, wataƙila wasu suna ɗakunansu, dangin miji su ji. Shi zai samu sauƙi a ransa, a yaba masa a Facebook, ita kuma a sake yi mata sabon miki.

Mu ma mun yi irin wannan, ba zan ɓoye ba. A gidan biki uwar amarya za ta raɗa wa zabiya sunan wadda ake so a taɓa, a saka ta a waƙa, a yi shewa. Amma tamu a tsakar gida take mutuwa, gobe in an haɗu a gidan suna a gaisa. Akwai guda ɗaya da har yau in na tuna nake neman gafara, kuma na je na same ta tun tana da rai. Ba ta ce min komai ba sai da na je sau uku.

Sadiku, in za ka je, kada ka je da abokai, kada ka ɗauki hoto, kada ka rubuta a nan cewa ka je. Kada ka fara aika kuɗi, za ta ga kamar sayen bakinta kake. Ka sami babbar mace ta shiga gabanka ta nemi izini. In ta ce ba ta son ganin ka, ka koma, haƙƙinta ne. Kuma ba ita kaɗai ba, yarinyar da ta tsaya a gabanka da ƙanwarta da ta bar makaranta, su ma kana da bashinsu.

Malam Nuhu:
Hajiya Laure, kin fi ni sanin wannan ɓangaren, na janye maganar waƙar. Sai dai in ita matar ce da kanta ta nema.

Hadiza Maraɗi:
To matar da ta biya kuɗin fa? Da mijin da ya bari aka sa waƙar a bikinsa, a kan uwar 'ya'yansa? Kowa ya taru a kan Sadiku. Ni mijin nan ya fi ba ni haushi.

Maman Hanifa:
Hadiza, kowa da nasa kason, amma Sadiku ne ya zo ya faɗa, shi za mu iya ba shawara. Ni kuma na ga laifinmu mu masu biki. Mu ne muke cewa sai an sa. Bikin ƙanwata bara an sa irin waɗannan har uku, ina zaune ban ce uffan ba.

Lawwali:
Zainab, tambaya. Cikin waɗancan Turawan akwai wanda ya taɓa hana taro waƙa saboda wani, ba saboda gajiyarsa ba?

Zainab Ɗaliba:
Akwai Yaya. A Buenos Aires ta Ajantina a Oktoban 1992, wata ƙungiyar mata zalla mai suna Calamity Jane ta buɗe wa Nirvana wasa, 'yan kallo suka yi ta zagin su suna jifan su. Da Cobain ya hau, sai ya riƙa buga farkon "Smells Like Teen Spirit" yana katsewa, har aka tashi bai rera ta ba. Dubban mutane sun biya don ita, ya hana su saboda abin da suka yi wa matan.

Lawwali:
Wannan na yarda da shi.

Sadiku Mai Fiyano:
Na gode muku duka. Ina da biki ranar Asabar, an ba ni kafin alƙalami tun watan jiya. Yanzu na kira wan ango na ce zan zo, zan yi duk abin da suke so ban da ita. Ya ce ba komai, mai sifika yana da ita a memori, za a sa in na sauka. Na roƙe shi, ya ce zai yi magana da mata amma bai yi alkawari ba. In sun ƙi zan mayar musu da kuɗinsu.

Na kuma tambayi wani tsohon maƙwabcinsu. Auren uwargidan ya mutu tun shekara biyar, tana wani gari a gidan yayanta, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tafiyar awa biyu ce daga nan. Anti Laure, ba ni da babbar macen da zan iya faɗa wa wannan a danginmu. Ko za ki shige min gaba?

Anti Laure:
Zan je. Amma ni kaɗai zan fara zuwa, kai ka zauna a gida sai na dawo da abin da ta ce. Ka turo min sunan unguwar ta akwatin sirri, ka kuma faɗa wa matarka tun yau, kada ta ji a bakin wani. Lahadi bayan Azahar zan kama hanya in Allah ya kai mu.